Idan baƙo ya ce sai ya ga giwa

Ka tambaye ni, ɗana, yadda za ka yi da baƙon da ya taso daga Legas ko Turai, ya biya kuɗin mota, ya ce shi fa giwa ya zo gani a Yankari. To, kada ka yi masa alkawari. Dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,200, giwa kuwa ba a turke take ba. Tun a sansanin Wikki ka gaya masa gaskiya: daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne tafkuna ke ƙafewa, dabbobi su riƙa gangarowa Kogin Gaji. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, garken ya bazu.

Ku fita da sassafe ko bayan la'asar. Idonka a ƙasa. Kashin giwa in yana da laima, ka tsaga shi da sanda ka ji ɗumi, ba ta yi nisa ba. Reshen da ta karya, in ganyensa bai yi yaushi ba, yau ta wuce. Ka kuma tambayi masu gadin daji, don su ke kwana a ciki.

Amma abin da ya fi damuna shi ne bayan kun gan ta. A nan yara ke ɓata aiki. Baƙo zai ce a matsa, direba yana kwaɗayin ɗan ihsani, sai a kutsa. Kai ne za ka hana. Giwa ganinta ba shi da ƙarfi, amma hancinta da kunnenta ba sa kuskure, saboda haka ka ɗebi ƙura ka saki, ka tsaya inda iska ke kaɗowa daga wajenta. Ka sa a juya motar ta fuskanci hanyar fita. Kada ka taɓa shiga tsakanin uwa da ɗanta; wata 22 ta ɗauki cikinsa. Toron da ka ga ruwa na tsiyaya a gefen fuskarsa, yana ɗigar da fitsari, ka ba shi hanya ko da baƙo zai yi fushi. In ta baza kunnuwa tana girgiza kai, gargaɗi ne, ku ja da baya a hankali, ba ihu, ba kiɗan jikin mota. Giwayen nan sun sha wuya a hannun masu neman haure, ba su manta da mutum ba.

Ranar da ba a dace ba kuwa, kada ka yi zugum a mota. Ka nuna masa gwanki da ɓauna da gwambaza, ka kai shi ramukan nan na jikin dutse da ake kira kogon Marshall, da yamma ya shiga ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke nan a digiri 31 rani da damina. Sai dai ka ja masa kunne ya rufe ɗakinsa, don birai na kwashe abinci.