Shin fomat ya isa kafin in sayar da kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in sayar da laftof guda biyu, tsohuwa mai faifan HDD da sabuwa mai SSD, da kuma wayata ta Android. Akwai hotunan iyali, takardun aiki da bayanan banki a cikinsu. Abokaina sun kasu biyu. Wasu sun ce fomat ya wadatar. Wasu kuma sun ce ko sau goma aka yi fomat gwani zai dawo da komai, sai dai a rubuta wa faifan shara sau 35 ko a farfasa shi. Wa ke da gaskiya, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɓangare na abokanka ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma duka sun tsallake tambayar farko, wato irin ma'ajin da ke cikin na'urar. Na'urorinka uku ba hanya ɗaya suke ajiye bayanai ba, don haka ba hanya ɗaya ake goge su ba. Abin da ya isa a tsohuwar laftof ɗinka bai isa a sabuwar ba.

Mu fara da abin da ke faruwa idan ka goge fayil. Windows tana da wani kundi da take rubuta sunan kowane fayil da wurin da yake a kan faifai. Idan ka goge fayil, har ka zubar da kwandon shara, abin da take yi kawai shi ne ta yi wa wurin alama cewa ya zama fanko. Kamar mai gidan haya ne ya soke sunan ɗan haya daga littafinsa, alhali kayan suna nan jibge a ɗaki har ranar da wani zai tare. Fomat na gaggawa, wanda ake gamawa cikin daƙiƙoƙi, shi ma haka ne: sabon kundi yake shimfiɗawa, ba ya taɓa ainihin bayanan. Manhajoji na kyauta irin su PhotoRec da Recuva suna bin faifan daki-daki su tsinto hotuna da takardu, kuma ba sai mutum ya zama gwani ba. A nan masu cewa fomat bai isa ba sun yi daidai. A 2003 wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa sakamakon sayen tsofaffin faifai 158. A cikin 129 da ke aiki, 12 ne kacal aka goge yadda ya kamata, kuma sun tsinci dubban lambobin katin banki a sauran.

Sai dai fomat iri biyu ne. Tun daga Windows Vista, idan ka cire alamar da ke kan Quick Format, Windows za ta bi faifan gaba ɗaya ta rubuta sifiri a kowane gurbi. A faifan HDD, mai ajiye bayanai da maganaɗisu a kan faranti mai juyawa, wannan gogewa ce ta gaske, shi ya sa take cin sa'o'i.

Batun sau 35 kuwa yana da asali. Peter Gutmann, masani daga New Zealand, shi ya kawo tsarin a 1996. Ya haɗa salon rubutu daban-daban ne domin ya game dabarun ajiya iri-iri na faifan wancan zamani da na gabaninsa, lokacin da layukan maganaɗisu ke da faɗi har ana hasashen za a iya hango burbushin tsohon rubutu a gefensu. Shi kansa ya bayyana daga baya cewa yin duka 35 ɗin a faifan zamani ba shi da ma'ana. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, a ƙa'idarta mai lamba 800-88 da aka sabunta a 2014, ta nuna cewa rubutu sau ɗaya a kan faifan maganaɗisu na zamani yana hana dawo da bayanai ko da kayan ɗakin bincike. Lissafin lokaci ma ya isa hujja. Faifan laftof mai terabait 1 da ke rubuta kimanin megabait 100 a daƙiƙa zai ɗauki kusan sa'o'i 3 a zagaye ɗaya. Zagaye 35 ya haura kwana 4, faifan yana ta zafi, ba tare da wani ƙarin tsaro da za a iya nunawa ba.

Don haka ga tsohuwar laftof, kwashe abin da kake buƙata zuwa wani ma'aji, ka buɗe wasu fayilolin ka tabbatar sun kwafu lafiya. Sannan ka tayar da kwamfutar daga filashin girka Windows, ka danna Shift da F10 tare. A baƙin allon da zai fito ka rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk tare da lambar faifan, sannan clean all. Kula da abu biyu. Na farko, duba girman faifan da kyau kafin ka zaɓi lamba, domin umarnin ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma filashin da ka tayar da shi ma yana cikin jerin. Na biyu, clean shi kaɗai ba tare da all ba taswirar rabe-raben faifai kawai yake sharewa, ya gama nan take, bayananka suna nan. Umarnin ba ya nuna ci gaban aiki, za ka ga kamar ya maƙale. Bar shi a jone da wuta har ya ce ya gama.

Akwai ɗan gurbin da wannan hanya ba ta kaiwa. Idan wani sashe na faifai ya fara lalacewa, faifan da kansa yana janye shi daga aiki ya maye gurbinsa da na ajiya, kuma Windows ba ta sake ganin tsohon. Kowane sashe bait 512 ne ko 4096. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka adadin sassan da aka janye. Idan sifiri ne ko ƴan kaɗan, ba abin damuwa ba ne ga mai amfani na yau da kullum. Idan sun kai ɗaruruwa, faifan yana kan hanyar mutuwa, bai ma kamata a sayar wa wani shi ba.

SSD ne wurin da mutane da yawa ke kuskure, har da waɗanda suka daɗe a harkar. Ba shi da faranti mai juyawa, ƙwayoyin lantarki ne, kuma suna da wata ɗabi'a: ba a iya rubutu a kan shafin da ke da rubutu sai an share babban rukunin da shafin ke ciki gaba ɗaya, sannan kowane rukuni yana da iyakar sau nawa za a share shi kafin ya gaji. Saboda haka akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa a cikin SSD da ke rarraba rubutu ko'ina domin kada wani wuri ya riga saura lalacewa. Idan ka umarci manhaja ta rubuta shara a kan wani fayil, ƙwaƙwalwar za ta rubuta sharar a sabon shafi, ta sauya adireshi, tsohon shafin ya zauna da bayanansa har sai an zo share rukuninsa. Manhajar za ta ce ta gama, a iya saninta kuma gaskiya ta faɗa. Ƙari a kan haka, kowane SSD yana da sarari na ɓoye da Windows ba ta gani, galibi kusan kashi 7 cikin 100 a na kasuwa, na sabobi, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, kuma ya fi haka nesa. Rubuta sifiri a faifan gaba ɗaya ba ya tabbatar da cewa an taɓa wannan sarari.

A ɗaya gefen, akwai umarnin TRIM da Windows ke amfani da shi tun Windows 7. Da zarar ka goge fayil, tana sanar da SSD cewa shafukan nan ba a buƙatarsu, shi kuma ya share su idan ya samu sarari. Shi ya sa dawo da fayil daga SSD na cikin kwamfuta ke da wuya ƙwarai. Amma TRIM don sauri aka yi shi, ba don tsaro ba, ba ya yi maka alƙawarin lokacin da za a share. Filashi da katin memori kuma mafi yawansu ba sa samun wannan umarni sam.

Hanyar da ta dace ita ce a sa SSD ya goge kansa da umarnin da aka gina a cikinsa, domin shi kaɗai ya san dukkan lungunansa. Yawancin laftof na ofis suna da wannan a cikin BIOS, wato allon saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi: HP na kiransa Secure Erase, Dell na kiransa Data Wipe, Lenovo kuma Secure Wipe. Kamfanonin da ke ƙera SSD ma suna ba da manhajarsu, kamar Samsung Magician. Mai amfani da Linux, wani tsarin aikin kwamfuta daban da Windows, zai iya yi da nvme format ko nvme sanitize. Aikin yakan ƙare cikin daƙiƙoƙi ko ƴan mintuna, kada saurin ya sa ka yi shakka. Idan manhaja ta ce faifan yana a daskare, kariya ce da BIOS ke sakawa lokacin tashi. Sa kwamfutar barci ka tashe ta yakan warware shi.

Ban so ka dogara da wannan umarni shi kaɗai ba. A 2011 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun gwada SSD da dama, suka tarar wasu ba su aiwatar da umarnin daidai ba, har akwai wanda ya ce ya goge alhali bayanan suna nan cif. Na yanzu sun inganta, amma kariyar da ta fi ƙarfi ita ce bayanan su kasance a kulle tun farko. Idan BitLocker, manhajar Windows mai kulle faifai, na aiki tun farko, duk abin da aka rubuta a ƙwayoyin, har da na sararin ɓoye, a rikice yake, ba ya karantuwa sai da mabuɗi. Rusa mabuɗin kawai ya mayar da komai shara. Buɗe allon umarni (Command Prompt) a matsayin mai gudanarwa (administrator) ka rubuta manage-bde -status ka ga ko a kulle faifan yake. Sababbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa suna kunna kullewar da kansu idan an shiga da asusun Microsoft. Idan ka tarar a buɗe yake, kunna yanzu, ka zaɓi kulle faifan gaba ɗaya, ba wurin da ake amfani da shi kawai ba, domin zaɓi na biyun yana barin burbushin fayilolin da ka goge a baya. Kullewar da aka yi a makare ba ta kai wadda aka yi tun ranar farko ba, amma idan ka bi ta da gogewar BIOS, abin da zai rage bai kai a tsaya nema ba.

Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, ka shiga Settings, sai Recovery, sai Reset this PC, ka zaɓi Remove everything, sannan a Change settings ka kunna Clean data. Microsoft da kanta ta ce wannan na masu amfani na gida ne, bai cika ƙa'idar hukumomi da masana'antu ba. Ga hotunan iyali ya yi. Ga bayanan marasa lafiya ko na kwastomomin wani kamfani, gara a cire SSD ɗin a sayar da laftof ba shi.

Wayarka ita ce mafi sauƙi, in dai ba tsohuwa ba ce sosai. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama dole ne bayanansu su kasance a kulle, kuma mayar da waya yadda ta fito daga kamfani yana rusa mabuɗan. Tsofaffi ne ke da matsala: a 2015 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun gwada wayoyi masu Android 2.3 zuwa 4.3, suka dawo da saƙonni, hotuna da shaidar shiga asusun Google bayan an yi musu wannan gogewa. Idan taka irin waɗannan ce, kulle ta daga saitin tsaro kafin ka goge. Kafin komai kuma, mayar da manhajar lambobin tabbatarwa ta mataki biyu zuwa sabuwar waya, in ba haka ba za ka kulle kanka a waje da asusunka. Cire asusun Google da hannunka, domin idan ka bar shi wayar na iya neman kalmar sirrinka a hannun mai saye. Zare layi da katin memori. Katin ba ya cikin abin da ake gogewa sai an zaɓa, kuma sau da yawa a nan hotuna suke a buɗe. Riƙe shi ya fi.

Fasawa tana da wurinta, wato lokacin da faifai ya mutu har kwamfuta ba ta ganinsa. Mutuwar allon lantarkinsa ba ta nufin bayanan sun tafi, masu gyara na iya sauya allon su karanta farantin. A HDD, huda rami uku ko huɗu da injin huji ta cikin farantin ya isa ga mutum na yau da kullum. Sa tabarau na kariya, domin farantin ƙananan faifan laftof sau da yawa gilashi ne, tarwatsewa yake yi. A SSD maganaɗisu ba ya yin komai, jiƙa shi da ruwa ma haka, kuma rami ɗaya na iya wucewa ta tsakanin ƙwayoyin bai taɓa ko ɗaya ba. Buɗe murfin, ka nemo baƙaƙen ƙwayoyi masu kusurwa huɗu da ke manne a allon, ka farfasa kowace ɗaya.

Bayan ka goge laftof ɗin biyu, kafin ka girka sabuwar Windows, tayar da kowace daga filashin Linux ka bi faifan da PhotoRec. Idan ya fito da hoto ko takarda taka ko guda ɗaya, gogewar ba ta yi ba, sake ta. Sannan ka shiga asusunka na Google da na Microsoft daga wata na'ura, ka cire waɗannan uku daga jerin na'urorin da aka amince da su, ka duba WhatsApp ma ka fitar da laftof ɗin daga na'urorin da ke haɗe.