Me ya sa kayan gwari ke saurin laushi a rumfar kwano?

Tambaya: Malam, mahaifiyata ta ce da can a rumfar zana tumatir yakan kwana biyu bai yi laushi ba, amma a shagona mai rufin kwano kafin la'asar ya fara ruwa. Laifin ginin ne? Kuma yaushe kasuwannin Bauchi suka koma haka? Daga wata mai sayar da kayan miya.

Amsa: Hajiya, gyatumarki ta yi gaskiya, ginin yana da kaso babba a laifin.

Tun da Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi a farkon ƙarni na 19 ya kewaye shi da ganuwa, ta ƙofofi kaya ke shigowa, shi ya sa ciniki ke taruwa kusa da su. Kasuwar Wunti ga ta nan dab da Ƙofar Wunti. Rumfar wancan zamani ba ta da bango: a kafa shisshike, a gicciya itace, a shimfiɗa zana ko karan dawa. Kowace sana'a da layinta, mahauta can gefe ƙarƙashin Sarkin Fawa, masu awo da mudu nasu wurin daban. Kwano da siminti sun yawaita bayan da jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, sai kuma 1976 da Bauchi ta zama babban birnin jiha, jama'a suka ƙaru, aka shiga gina shaguna masu ƙofa da kwaɗo.

Ga inda matsalar take. Zana ba ta riƙe zafi, kuma iska na ratsa ta. Kwano kuwa yana shan rana ya sako zafin ƙasa, kai tsaye kan kwandonki. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, ɗaga hannu kusa da rufin da azahar, za ki ji kamar bakin tanda. In rufin gajere ne, bango uku a toshe, zafin ba shi da mafita. Tumatir da alayyafo kuma suna numfashi ko bayan an tsinke su, zafi na hanzarta nunarsu da ruɓewarsu. Shago irin wannan na mai atamfa ne. A ganina kuskuren masu zana kasuwa shi ne yi wa kowa ɗaki iri ɗaya.

Ba ina cewa a koma zana ba, don gobara ba ta yi mata da wasa, damina ma haka. Rumfar abinci ta gari doguwa ce, gefenta a buɗe, da tazara a tsakiyar rufin inda iska mai zafi za ta fice. Daɓen ya ɗan karkata zuwa kwata, layi ya yi faɗin da motar kashe gobara za ta shiga.

Ke dai a shagonki, sa kafinta ya yi miki silin, ko ki ɗaura tabarmar kaba ƙarƙashin kwanon, ki bar tazarar taƙi ɗaya. A huda bangon baya daga sama a sa raga. Ɗora kwanduna kan katako, kada su zauna a siminti, ganye kuma ki rufe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara.