Keke da damina: amsoshin wannan sati

Salama alaikum. Ban san abin da ya shiga kan samarinmu bana ba, rabin saƙonnin da sunka shigo duk a kan doguwar tahiya bisa keke ne, kuma cikin tsakiyar damina.

Wani saurayi daga unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi ya ce shi da abokansa biyu za su Damagaram cikin watan Agusta, kwana nawa za su yi, kuma ya ga rigar ruwa ta jikka biyu a kasuwa, ya saya?

Ƙanena, hanyar wajen kilomita 240 ce, Tasawa kusan rabi. Ku sa kwana ukku a ranku, ku ƙara guda na ruwa don sai ya tsaida ku. Ku riƙa tashi da an sallame asuba, hadari ya fi taruwa da marece ko dare, kuma daga gabas yake tasowa, ku ko gabas kunka nufa, to za ku gan shi tun daga nesa. Da kun ji iska mai sanyi da ƙura ta bugo ku, ku sauka garin da ya fi kusa.

Sai maganar rigar ruwan. Ni abin da ke ci mani rai kenan, mutum zai yi wata biyu yana tara kuɗin tahiya, sannan ya tai ya kwashi jabu don an rage mashi ɗari. Waccan rigar mai ƙyalli leda ce aka manna, ɗaga ta ka duba a rana, ka ja wajen hammata kaɗan, in ka ga haske na ratsa ɗinkin to ruwa ma zai ratsa. Ko mai kyau ce, in kana tuƙi cikinta zufa ce za ta jiƙa ka daga ciki. Gara ka nemi ta gwanjo mai kauri don tsayuwa, sauran kuɗin ka zuba su cikin taya. Tif, wato robar cikin taya da ake hura wa iska, shi ne inda ake cutar mutane. Ni da kaina na taɓa sayen guda biyu a wani shago, kwali fes, sunan kamfani da komai, tsakanin Cadawa da Agye bakin bawul ɗin ya ciro a hannuna ina cikin yin famfo, na ɗauko na biyu shi ma haka, na buɗe sholisho, gam ɗin faci, na tarar ya daskare kamar ƙaro. Rannan tura keke na yi cikin yayyafi, yara na bina suna dariya. Tun daga nan ba ni biyan kuɗin tif sai an hura shi gabana an tsoma cikin bokitin mai faci, na murɗa bawul na ga babu kumfa. Sholisho kuma ka matsa shi, in ba ya motsi a ciki ka ajiye masu abinsu. Mai shagon da ya ɓata rai don ka ce za ka gwada, ya riga ya gaya maka abin da yake saidawa. Araha ba ta ado, kuma a dajin Takeita babu wanda zai maida maka kuɗinka. Waya, katin shaida, kuɗi da kaya guda busassu, ka ninka su cikin leda biyu.

Wani ya ce ko ya ɗaura lema a kan keke? Ɗaura mana, iskar hadari ta kai ka gonar mutane. Mu wuce.

Wata uwa daga Tibiri ta rubuto, ɗanta ya nace sai ya tai Ƙonni bisa keke, ta kasa barci. Hajiya, Allah ya kwantar maki da hankali, tsoronki a kan hanya yake, amma ruwan sama kanshi ba shi ne abin tsoro ba. Ki sa shi ya yi maki alƙawari a kan korama. Ruwanta na iya zuwa ko ba a yi ɗigo a inda yake ba, can sama anka yi shi, kuma ja ne, ba a ganin ramin da ya haƙa. In ta kawo ya zamna tare da mutanen garin, sau da yawa cikin ƴan awoyi take janyewa, sai ya ga sun fara ƙetarewa sannan ya bi sawunsu, keken yana turawa. In ana tsawa kada ya laɓe gindin icce guda a fili, gawo ma ko ganye ba shi da shi da damina. Ya tai da gidan sauro, ya kwana cikin gari, ya gaida mai gari a san da zuwanshi, kuma ya kira ki kowane magariba. Ki sa mashi albarka ya tahi.

Wani kuma na tambaya, in an tare kwalta an ce a zagaya, ya bi gajerar hanyar da waya ta nuna mashi? Waya ba ta san laka ba. Tambayi ɗan kabu-kabu ko mai amalanke da ya hito daga can yanzu, ka dubi tayarshi. Zagayen da manyan motoci sunka kwaɓe laka ce zalla, tana cushewa tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi juyawa, ka riƙe ɗan kara na sakace ta. Hanyar gona kuma tsidau ne, faci uku kafin azahar, ga mai gona in ka taka mashi hatsi. In rana ta yi sanyi kada ka shiga ratsen da ba ka sani ba. Birki ma in ya jiƙa ba ya kamawa nan take, ka fara matsa shi tun da nisa.

Na ƙarshe ya ce sarƙarshi na kuka bayan ruwa, ya zuba man gyaɗa? Man gyaɗa na ƙosai ne. Wanke rairayin tukuna, ta bushe, ka ɗiga man inji kaɗan ka goge saura da tsumma.