Tambaya da Amsa: 'Yata Ta Kira Kanta "Ratchet" a Instagram

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata mai shekara 17 ta rubuta "ratchet" a ƙarƙashin hotonta na Instagram. Da na tambaye ta, sai ta ce wani mai koyar da Turanci a TikTok ne ya ce ma'anar kalmar wayayyiya mai aji. Ƙanena bakanike kuwa dariya ya yi, ya ce ai sunan sifana ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ba zagin kanta take yi ba kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya. Ƙanenki ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Shi kuwa malamin TikTok, sai dai mu ce Allah ya shirye shi.

Asalin kalmar ta kayan aiki ce, Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci tun ƙarni na 17. Ƙarfe ne mai haƙora da ɗan harshe da ke tokare shi, ya juya gaba amma ba ya komawa baya. Shi ne a cikin sifanar da ƙanenki ke nufi, mai ƙarar nan ƙat-ƙat-ƙat, shi ne kuma a cikin ankwar 'yan sanda, wadda ke ƙara matsewa ba ta sassautawa sai da mabuɗi. Daga nan 'yan jarida suka samo "ratchet up", wato abu ya riƙa hawa mataki-mataki ba saukowa. Wanda ke sayen shinkafa a kasuwa ba ya buƙatar a yi masa misali.

Wadda 'yarki ta rubuta daban ce. Ta fito ne daga bakin baƙaƙen fatar Amurka, a garin Shreveport na jihar Luwiziyana, wajen ƙarshen shekarun 1990, kuma masu nazarin harshe da yawa na ganin lanƙwasa kalmar "wretched" aka yi, wato wulaƙantacce. Waƙoƙi da intanet suka yaɗa ta duniya wajen 2012. Akasari mace ake jifa da ita: mai hayaniya a bainar jama'a, marar kamun kai, mai shigar da ba ta dace ba. Da Hausa mafi kusa shi ne ballagaza ko 'yar tasha.

To daga ina aka samo "mai aji"? Nan ne abin ke ƙona min rai, don kusan kullum sai na ci karo da shi. Yaranmu sun ɗauka duk kalmar da mawaƙiyar Amurka ta kira kanta da ita tana murmushi, to yabo ce. Gaskiya ne wasu mata a can sun karɓe kalmar, suna faɗa wa kansu da gadara, kamar a ce "eh ɗin, ni ce, sai me?" Amma sun san zagi ce suka ɗauka, masu saurarensu ma sun sani. Hajiya, ki tuna yadda samari ke yi a majalisa idan abokinsu ya ci ƙwallo: "Shege, ka iya!" Kowa ya yi dariya. Yanzu a ce wani Bature ya ji, ya koma gida ya buɗe darasi yana cewa shege na nufin gwani, ɗalibinsa kuma ya zo Kano ya gaida surukinsa da ita. Abin da waɗannan malaman ke yi wa 'ya'yanmu ke nan. Mutum ya ji kalma a waƙa da dare, da safe ya kafa waya ya ɗaura lakataye, ya zama farfesa. Ba ƙamus ya buɗe ba, bai san bakin wa ta fito ba, bai san wa ake faɗa wa a yi dariya, wa ake faɗa wa a ba hammata iska ba. Mabiya dubbai suna ta "mun gode Malam".

Na taɓa ba ɗalibaina aikin rubutu a kan wanda suka fi ƙauna. Wani yaro mai ladabi, wanda ko ido ba ya haɗawa da ni, ya cika shafi biyu yana yabon mahaifiyarsa, yadda take tashi da asuba ta soya ƙosai ta biya masa kuɗin makaranta, sai ya rufe da cewa ita "ratchet woman" ce. Jaruma yake nufi. Da na kira shi gefe na fassara masa, sai da idonsa ya ciko da ƙwalla. A waya ya koya shi ma.

Kada ki yi wa 'yarki faɗa, ba da gangan ta yi ba. Ki zaunar da ita ku buɗe ƙamus na Merriam-Webster ko Oxford a wayarta, ta karanta da bakinta, sannan ta goge da hannunta. Ki sa ta duba tsofaffin hotunan ma, da wuya a ce sau ɗaya ta rubuta.