Amsa: dalilin kai afendis ɗakin gwaji bayan tiyata

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa likita ya ba ku afendis ɗin mahaifinki a kwalba ya ce a kai gwaji, alhali ya samu sauƙi. Kada ku jefar da kwalbar, kuma kada ku zubar da ruwan fomalin da ke cikinta, domin shi ne ke hana naman ruɓewa.

Dalilin gwajin shi ne a duba ko akwai ciwon daji. Ciwon daji na afendis ba kasafai ake samunsa ba, kuma yawanci yana zuwa da alamomin kumburin afendis na yau da kullum, shi ya sa galibi ba a gano shi sai an yanka naman an duba shi da madubin likita. Wani nau'insa ƙaramin ƙari ne da galibi kan fito a can ƙarshen afendis. Idan bai kai santimita 1 ba, cire afendis ɗin ya wadatar, amma idan ya wuce santimita 2 akan sake tiyata a cire ɓangaren dama na babban hanji. Wani nau'in kuma majina yake tarawa, wadda kan bazu cikin ciki idan afendis ya fashe, kuma a nan ake buƙatar hoton CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, yana wannan gwajin, kuma ku mayar wa likitan da ya yi tiyatar sakamakon.