Fargabar ranar kare aikin digiri

Ƙanwata, kin ce saura kwana goma ki kare aikinki na kammala digiri a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), amma da kin tuna sai gabanki ya faɗi, barci ya ƙaurace miki, kina ta hango kanki kin diririce a gaban malamai.

Ba zan ce ki daina tunanin ranar ba, don zuciya ba ta jin wannan umarnin, ƙara maƙalewa ma take yi. Jiki bai cika bambance haɗarin gaske da wanda aka ƙiyasta ba. Sai ya saki sinadarin adirenalin, ƙirji ya hau dukan uku-uku, alhali kina kwance a ɗakinki.

Tunda tunanin sai ya je gaba, ki ba shi aikin yi a can. Duk "idan na kasa fa?" ki mayar da ita "idan hakan ta faru, me zan yi?", ki rubuta amsar a takarda. In an jefo tambayar da ba ki sani ba, me za ki ce? Ƙarfe nawa za ki fita kada cunkoson Kabuga ya riƙe adaidaita sahunku? Ki kuma hango kanki bayan an gama, kin fito kina gaisawa da ƙawaye. Yawancinmu a tsakiyar firgicin muke tsayar da hoton.

Ki ware wa damuwar minti 15 bayan La'asar. In ta leƙo da dare, ki ce mata sai gobe. Kamar wasa, amma yana taimakawa.

In kin gama kuma fargabar ta ƙi tafiya har tsawon makonni, ki ga likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.