Ruwan intakula: ta salansa zai fita ko ta gefen jirgi?

Tambaya: Na sa wa injin jirgin ruwana na dizal mai turbo intakula (na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji), da ɗan famfon lantarki da ke jawo mata ruwa daga ƙarƙashin jirgi. Bakanikena ya ce a haɗa tiyon fitar ruwan da bututun salansa, tunda dama ta nan ruwan inji ke fita. Hankalina bai kwanta ba, don injin a ƙasa yake zaune, kusan daidai da saman ruwa. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Ka huda wa ruwan nan ƙofarsa shi kaɗai a gefen jirgi, sama da inda ruwa ke kaiwa idan an yi lodi, a wurin da za ka leƙa daga mazauninka ka ga yana tsartuwa. Ranar da ka leƙa ba ka gani ba, ka san ciyawa ko leda ta toshe matatar ruwa, ko famfon ya tsaya. Tiyon fita kada ya fi na shiga ƙanƙanta, kada ya lanƙwashe, kuma kowane baki a ɗaure shi da kilif biyu marasa tsatsa. A jikin intakular, ruwa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, don kada iska ta maƙale a ciki.

Sai maganar salansa. Wallahi na gaji da jin "ai ruwa ruwa ne, duk waje zai fita". Wa ke fitar da shi? Ruwan da ke cikin salansa ba da ƙafarsa yake fita ba, hayaƙin inji ne ke tura shi. Famfon inji na asali da injin yake juyawa, in an kashe ya tsaya. Naka na lantarki fa? Ka murɗa makulli, inji bai tashi ba, kana ta duba batir, shi kuwa yana can yana ɗura ruwa a tukunyar salansa, wato inda ruwa ke taruwa kafin hayaƙi ya tura shi waje. Ta cika, ruwa ya hau bututu, ya ratsa turbo, ya tarar da bawul ɗin hayaƙi guda a buɗe, ya kwanta a kan fistin. Ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska. Kana ba da sitata sai ka ji "ƙum", shi ke nan. Na sha kwance nozul a irin wannan inji, a juya shi, ruwa ya yi tsalle daga silinda har fuskar yaron da ke riƙe da fitila. Kwanrod ɗin (sandar da ke riƙe da fistin) da muka zaro a ɗayansu ya lanƙwashe kamar lauje. Wanda ya yi haɗin kuwa cewa ya yi injin ne dama ya gaji!

Ko inji na aiki lafiya, an auna faɗin salansar ne da ruwan famfo guda. Ka ƙara na biyu, hayaƙi ya rasa hanya, turbo ya yi nauyi, zafi ya ƙaru, baƙin hayaƙi ya biyo baya. Ka sayi intakula don ƙarin ƙarfi, ka zubar da shi ta baya.

Zaman injinka a ƙasa ya ƙara dagula lamarin. Jirgi na ɗaure, komai a kashe, tiyon da ke cike da ruwa zai iya ci gaba da zuƙo shi da kansa, kamar yadda ake zuƙo mai daga tanki. Yawancin ƙananan famfunan lantarkin nan ba sa tare ruwa in sun tsaya. Idan bakin fitar ya zo kusa da saman ruwa, ka ɗaga tiyon ya yi siffar baka aƙalla santimita 30 sama da ruwa, da bawul mai shigar da iska a ƙololuwarsa. Gishiri da laka na toshe bawul ɗin, sai ana wanke shi.

Famfon kuma a haɗa wutarsa ta makunnin matsin baƙin man inji, yadda ba zai juya ba sai inji ya tashi. Idan har an riga an yi haɗin salansar, kada ka taɓa makulli: rufe bawul ɗin shigar ruwa, ka tsiyaye tukunyar, ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku tukuna.